Takunkumin Gana Wanzami

Malam Gana wanzami ne, amma mutanen Fagge sukan ce aski rabin sana'arsa ne, ɗaya rabin kuwa gardama. Mahaifinsa mutumin Barno ne, fataucin kanwa ya kawo shi Kano, ya ga wuri ya zauna. Gana bai gaji fatauci ba. Ya koyi wanzanci a wurin kawunsa, ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin wani durumi, kan hanyar da ta miƙe zuwa Kasuwar Sabon Gari. Bai yi boko ba, amma Allah ya ba shi kunne da baki. Labarin da ya ji da hantsi, kafin la'asar ya zama nasa, har da ƙarin gishiri.

Babban amininsa shi ne Augustine, akawun reluwe, mutumin Gabas da ya girma a Sabon Gari, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Duk Asabar da sassafe, kafin ya wuce ofis, zai zo a kan kekensa da jarida a hammata, Gana na yi masa aski shi kuma yana fassara masa labaran duniya. Da wannan guzuri Gana ke ciyar da masu zuwa aski har mako ya zagayo. Matansu ma ƙawaye ne. Yakaka, matar Gana, tana sayar da bandar kifi da danginta ke aiko mata daga Barno, Comfort matar Augustine kuwa tana da rumfar manja a kasuwa, kullum cikin musaya suke.

Wata Asabar, lokacin da ake yaƙin Koriya, Augustine ya karanto cewa manyan ƙasashe sun sa wa ƙasar Sin takunkumi.

Gana ya dakata da wasa askarsa. "Takunkumi? Irin wanda ake sa wa jaki don kada ya ci dawar mutane?"

"Kusan haka ne, Malam Gana. An hana sayar musu da wasu kayayyaki, saboda sun zama 'yan kwaminis."

"Mene ne kuma kwaminis, Akawu?"

Augustine ya gyara zama, don dama nan yake so a zo. Ya ce tsari ne da babu mai kuɗi babu talaka, gona da masana'anta da duk wani abin amfani na kowa da kowa ne. Ya ce abin da ya talauta ƙasar nan shi ne kamfanonin Turawa, su saye gyaɗa da arha, su mayar da ita sabulu, su dawo su sayar mana da tsada.

"A'a," in ji Gana, yana jiƙa masa kai. "Ku 'yan reluwe ne kuka talauta mu. Dubi dalar gyaɗa can, har ta fara gasa da Goron Dutse. Kun kasa kwashe ta, sai shan shayi da buga hatimi."

"Ba mu da isassun taragu ne! Da a ƙasar kwaminis ne, da kowa ya kawo abin hawansa an yi aikin jama'a."

Ana cikin haka, aski ya kai rabi, sai ga wani mutum a guje daga Rijiyar Lemo. Ya ce ana suna a gidansu, wanzamin gidan ya kwanta ciwo, ga jama'a sun taru ba mai yi wa jariri aski. Gana ya dubi nisan hanya, ya dubi keken da ke jingine da durumi.

"Akawu, ka ce abin hawa na kowa ne in aikin jama'a ya taso?"

"Haka littafi ya ce."

"To, madalla da wannan littafi."

Kafin Augustine ya gane inda aka dosa, Gana ya rataya zabirarsa ta kayan aski, ya tattare riga, ya haye keken, ya ɗora mutumin a baya. Augustine ya yi jira har rana ta ɗaga. Daga ƙarshe ya taka da ƙafa zuwa ofis, rabin kai tas kamar ƙwarya, rabi kuma daji. Har leburori masu ɗaukar buhu sai da suka ajiye kaya suka yi dariya.

Da yamma Gana ya mayar da keke, har da ɗaurin goron suna a matsayin tukuici. Augustine ya karɓi keke ya ƙi goro.

"Daga yau na sa maka takunkumi. Ba jarida, ba manja!"

Gana ya ji abin har ransa, don shi a ganinsa gwaji kawai ya yi wa ilimi. Ya ce, "Ni ma na sa maka. Ba aski, ba banda!"

Ya koma gida ya kafa wa Yakaka doka. Ta ce, "To, Malam," ta ci gaba da tankaɗe.

Mako na farko Gana ya yi ta fankama. Mako na uku labaransa suka ƙare, ya shiga maimaita tsofaffi, daga nan ya koma ƙirƙira. Wani dattijo da ake yi wa gyaran fuska ya ce, "Haba Malam Gana, shekaranjiya ka gama yaƙin Koriya a nan gindin durumi, yau kuma ka sake tayar da shi?" Sannu a hankali mutane suka fara janye jiki, ashe da yawansu hira ke kawo su. Abu ɗaya ne ya kwantar masa da hankali, kwalbar manjan gidansa ta ƙi ƙarewa. Duk sanda ya leƙa sai ya gan ta a rabi. Ya riƙa ce wa Yakaka, "Kin ga albarkar tsayawa kan gaskiya?"

A mako na shida ya shiga kasuwa sayen sabulu. Ya bi ta layin masu manja da niyyar ya wuce ya ɗauke kai. Sai ga Yakaka zaune a rumfar Comfort, ana tsiyaya mata manja a cikin wannan kwalba mai albarka, daidai rabi, ga kuma ƙunshin banda a cinyar Comfort.

"Yakaka! Fasa-ƙwauri kike yi?"

"Malam, kai ka san ƙasar Sin, ni tukunyar miya na sani."

Comfort ta ce, "Baba Gana, kada ka ga laifinta. Ga abokinka nan, shi ma mako shida yana cin miyar banda yana cewa kifin Wudil ne."

Gana ya waiga. Augustine ne a lungun rumfar, ya ja hular kwano har kunne. Gana ya yi niyyar faɗin magana mai zafi, sai idonsa ya faɗa kan ƙeyar mutumin, duk tsaga-tsaga, gashi wani wuri tudu wani wuri kwari. Ya fizge hular.

"Innalillahi! Akawu, wane azzalumi ne ya yi maka wannan ɓarna? Da lauje aka yi?"

"Wani ne a bakin tasha," in ji Augustine a hankali. "Kuma ko gardama bai iya ba. Duk abin da na faɗa sai ya ce haka ne."

Gana ya kama hannunsa, bai sake shi ba sai a gindin durumi.

Tun daga ranar suka ci gaba da musunsu, sai dai kowa ya sauya sheƙa. Gana ya tsaya kai da fata cewa babu abin da ke talauta ƙasa kamar toshe hanyar ciniki, tunda ya ɗanɗana a jikinsa. Augustine kuma ya ce har yanzu yana ganin kyawun a raba gonaki da masana'antu, amma keke ba ya cikin lissafi, ya kuwa sayo masa sarƙa da kwaɗo.

Gana ya yi wanzanci har idonsa ya raunana, ya miƙa zabira ga ɗan ƙanensa. Duk da haka bai bar zama a wurin ba. In aka fara wa mutum aski sai ya matso da sandarsa ya ce, "Bawan Allah, a ganinka me ya talauta ƙasar nan?" Duk amsar da ka bayar, zai girgiza kai ya ce ba haka ba ne.