Ya'u Yawa-ko-Rashi

Daga Gagarawa har kasuwar Maigatari babu wanda bai ji labarin jakin Ya'u ba. Wai Nasara sun kama shi a ƙasar Adamawa, sun tsoma shi a Binuwai ya fito Kirista, sun ɗinka masa farar riga. Yanzu wai shi ke yi musu kiran ibada ranar Lahadi, kuka ɗaya zai yi ƙauyuka su hallara. A Sule Tankarkar har an ƙara da cewa ya iya boko, da kofato yake rubutu. Wanda ya fi kowa yaɗa maganar shi ne Ɗantala, ɗan goggon Ya'u, taubashinsa, mutumin da Allah ya ba baki ya hana shi murfi.

To, ƙarya ce, ko da yake tana da daɗin ji. Jakin bai bar addinin jakai ba, Ya'u kuwa ko a tsakiyar Nasara salla ba ta taɓa wuce shi ba. Ainihin abin da ya faru ya fi haka nauyi.

Ya'u falke ne, kanwa yake sara a Maigatari ya ɗora wa jakai ya yi kudu. Haihuwar Gagarawa ne, inda in ka jefa guga a rijiya da hantsi, sai ka je gona ka dawo kafin ka ji ya taɓa ruwa. Ya tashi yana ganin tafin hannun uwarsa Rabi duk kanta saboda igiya. A garinsu, in mutum ya ce "ruwa ya dame mu", magana ɗaya yake nufi: babu.

Bayan yaƙin Jamus fatauci ya kai shi Adamawa. Can ya tarar da Turawan mishan na ɗariƙar Luta, don ashe su ma ɗariƙa-ɗariƙa suke. Suna da 'yan jama'arsu a ƙauyukan yankin, kowane ƙauye da ɗakin ibadarsa na ciyawa. Duk kaka dattawan waɗannan majami'u sukan haɗu a gindin wata tsamiya su yanke aikin gayyar da za su yi tare da rani: wanne za a sa gaba, wanne zai jira baɗi.

Baturen da ke zaman taron a shekarar sabon zuwa ne, Hausarsa ta littafi ce. Dattawan kuma tasu ta kasuwa ce, suna haɗa ta da yarensu. Bature ya yi Hausa, dattawa su kalli juna. Dattawa su yi Hausa, Bature ya kalli tsamiya. Da aka rasa yadda za a yi, aka kirawo falken da ya sauka a zango. Haka Ya'u ya zama tafinta daga Hausa zuwa Hausa, aka shimfiɗa masa buzu kusa da kujerar Bature, kansa ya kumbura har hularsa ta matse shi.

Wani dattijo ya ce ɗakin karatun yara ya kamata a fara. Wani ya ce a tura mai wa'azi ga mutanen kan dutse. Wani ya dage sai ƙararrawa, don ya gaji da buga garma wajen kiran ibada. Ya'u yana ta juya magana yana zuba mata gishiri.

Sai wani tsoho ya miƙe, wanda fatake ke kira Ɗantsoho don sun kasa furta sunansa. Ƙauyensu na bayan wani kogi da ke bushewa da rani. Ya ce, "Mu ruwa ya dame mu. Ruwa ya kashe mu." Ya ɗora tafin hannu a wuyansa.

Ya'u bai bari ya ƙarasa ba. Wannan magana ai tun yana goye yake jin ta. Ya juya ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙishirwa. Ka ga ma maƙogwaro yake nunawa. Rijiya suke so." Ya kwashe wahalar Gagarawa kaf ya ɗora wa mutanen Ɗantsoho, har igiyar Rabi sai da ya ara musu. Idon Bature ya kawo ruwa. Mai ƙararrawa ya janye maganarsa. Taro ya tsaya a kan rijiya farko, ɗakin karatu na biye, sauran sai abin da hali ya yi. Ɗantsoho ya ga ana ta gyaɗa kai ana nuna shi, ya zauna yana murna.

Bayan an watse Ya'u yana ɗaure mangala, sai ga tsohon da ƙwaryar gyaɗa.

"Malam, na gode. Yaushe za a sassaƙa mana kwalekwalen?"

"Wane kwalekwale, Baba?"

"Na ƙetarewa mana. Da damina kogi yakan kawo nan," ya sake taɓa wuya. "Namu ya ruɓe. Mara lafiya sai ya mutu yana hango ɗakin magani."

Igiya ta suɓuce daga hannun Ya'u. Ga Bature can bai ko shiga gida ba, wasu dattawan ma suna nan suna neman takalmansu. Magana ɗaya ce za ta gyara. Amma ya tuna buzu, ya tuna yadda Bature ya dafa kafaɗarsa ya ce bai taɓa jin Hausa kamar tasa ba. Bakinsa ya ce, "In sha Allahu, Baba." Ya karɓi gyaɗar, ya kora jakai.

Gyaɗar nan har Gagarawa bai iya cin ko ƙwaya ba.

Da kaka ta zagayo ya koma. Ya tarar da rijiya, kyakkyawa, majami'un yankin duk sun zuba mata ƙarfinsu, kwaɗi suna ta godiya a ciki. Ya tarar kuma 'yar Ɗantsoho ta rasu da damina. Naƙuda ta yi mata tsanani, aka ɗauko ta a kan ƙyaure zuwa bakin kogi, kogi ya hana hanya.

Ya je gaisuwa yana jiran a tsine masa. Tsohon ya riƙe hannunsa ya ce, "Kai ka faɗa, Malam, na ga yadda ka dage. Baturen ne kunnensa bai nuna ba." Ya'u ya bar laifin a kan Bature. Karo na biyu ke nan.

A taron shekarar bai hau buzu ba. Ya ja jakinsa mafi ƙarfi ya kai wa wani masassaƙi a bakin Binuwai, ya ce a ba mutanen bayan kogi kwalekwale a madadinsa. Ɗantsoho ya tashi a gaban dattawa ya ce bai taɓa ganin mutumin kirki kamar wannan Musulmi ba. Ya'u ya gwammace da mari aka yi masa.

Tun daga nan ya samu wata ɗabi'a. In matarsa Safara'u ta ce gishiri ya dami miya, sai ya ce, "Yawa ko rashi?" In maƙwabci ya ce 'ya'ya sun dame shi, "Yawa ko rashi?" Har liman ya taɓa cewa zunubi ya dami garin nan, Ya'u ya ɗaga kai, aka yi maza aka taka masa ƙafa. Sunan ya bi shi. Mutane na dariya, shi ba ya yi. Ya ba Ɗantala labarin sau ɗaya tak, a hanyar Gumel, yana zaton zai rage masa kaya. Ɗantala ya zubar da zancen tsohon da 'yarsa a hanya, ya shigo gari da na jaki.

Ran wata kasuwar Maigatari, Ya'u na zaune gaban kanwarsa, sai ga Ɗantala ya tara jama'a.

"Bawana, Yawa-ko-Rashi, an ce jakinka ya samu ƙarin girma. Wai yanzu shi ke yanke wa Nasara abin da za su sa gaba duk shekara. To ai gara shi, ya fi ubangidansa jin Hausa."

Aka kwashe da dariya. Ya'u ya ci gaba da jera kanwa, bai ɗaga kai ba.

"Ya fi ni, ban musa ba," in ji shi. "Duk damina jakin nan yana ƙetarar da masu naƙuda. Kai da ka shekara arba'in kana kuka a kasuwa, wa ka taɓa ƙetararwa?"