Inna Tasalla, Ungozomar da Ta Ce a Kira Mata Miji

Kafin ƙarfe bakwai na safe Inna Tasalla ta iso ƙaramin asibitin da take aiki a Ƙaura Namoda, jaka a hammata, tabarau mai igiya a wuya. Ba ta fara duba kowa sai ta bi matan da ke jiran awo ɗaya bayan ɗaya ta gaishe su, ta ji wadda ta karya kumallo da wadda ba ta karya ba. Wadda ta fito da yunwa sai ta sha faɗa tukuna, sannan a tsiyaya mata kunu daga fulas ɗin Inna. Shekara talatin da biyu tana haka, daga Shinkafi zuwa Zurmi, daga Zurmi zuwa nan. A ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki, kuma babu gidan rediyon da ya faɗa.

Tana da wani hali da abokan aikinta suka daɗe suna yi mata tsiya a kai. Duk matar da ta zo da kukan rashin haihuwa, sai Inna ta ce ta koma ta tattaro mata maganin gidan kaf a leda, nata da na maigida, na asibiti da na gargajiya, har saiwar da ke jiƙe a kwalba. Sai ta zazzage su a kan tebur, ta ɗora tabarau, ta warware 'yar takardar nan ta cikin kwali, wadda ni da kai muke yarwa tun a ƙofar kemis, ta bi ta layi-layi. Mata su yi ta tsaki a waje, Inna ko a jikinta.

Rekiya, wadda ta yi shekara goma tana aiki ɗaki ɗaya da ita, ita ta ba da labarin Nusaiba, da yardar masu labarin.

Nusaiba 'yar Moriki ce, shekarunta ashirin da huɗu, huɗu daga ciki a gidan Halilu tela, kuma ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ta sha jiƙo, ta sha rubutu, ta yi hayaƙi, ta je Gusau an yi mata hoto har sau biyu aka ce lafiyarta lau. Duk da haka dangi ita suke yi wa jaje. Shi Halilu bai taɓa yi mata gori ba, kuma wannan haƙurin nasa ne ya fi ci mata rai.

“Inna, ni na riga na yanke,” in ji Nusaiba, ranar da ta fara zuwa wurinta. “Da an gama kaka zan tahi gida in roƙe shi takardata. Mutumin kirki ne. Ba ni son ya tsufa babu ɗa saboda ni.”

“Shi ya ce miki daga gare ki ne?”

“A'a.”

“To wa ya ce?”

Babu wanda ya taɓa yi wa Nusaiba wannan tambayar.

Mako na zagayowa ta dawo da leda. Cikin tarkacen Inna ta tsinci wata ƙwaya ruwan ɗorawa, kati-kati har guda shida. Nusaiba ta ce ai ta maigida ce, ta ciwon hanjinsa. Tun yana ɗan shekara goma sha tara yake fama: murɗar ciki, gudawa da jini, ya rame kamar kara, ya samu sauƙi, abin ya sake tashi. A gari aka ce basir ne, wasu suka ce atini, ya sha ɗaci har ya gaji. Daga baya wani likita a Sakkwato ya gano kumburin hanji ne, irin wanda ba a rabuwa da shi sai dai a lallaɓa, ya ɗora shi kan ƙwayar nan ya ce ya dawo bayan wata shida. Lokacin ko budurwa Halilu ba ya da ita. Ya ji sauƙi, hanya kuma ta lalace da 'yan bindiga, bai sake komawa ba. In ta ƙare sai ya ɗauki fankon katin ya nuna a kemis a ba shi irinta. Shekara takwas yana haka.

Da yake kati-kati ake sayar masa, babu takarda. Inna ba ta haƙura ba, ta sa aka nemo mata cikakken kwali, ta karanta, sannan ta buga wa wani likita waya don kada ta yi shisshigi a abin da ya fi ƙarfinta. Ya tabbatar mata: ƙwayar tana rage ƙarfin maniyyi a wasu maza muddin suna shan ta, kuma in an musanya ta da wata, galibi abin yakan dawo cikin 'yan watanni.

A nan Inna ta yi kuskure, kuma ita da bakinta take faɗa. Ta ga yadda yarinyar ta zuba mata ido, tausayi ya kama ta, ta gaya mata komai, ta ce ta turo mata Halilu. To ina aka taɓa ganin namijin Moriki ya shiga ɗakin awon ciki ya zauna cikin mata? Halilu ya saurari matarsa har ta gama, ya tattara ƙwayoyin ya zuba a masai. Asibiti kuwa bai je ba.

Bayan mako biyar Nusaiba ta bugo waya tana kuka. Jini ya dawo, Halilu ko keken ɗinki ba ya iya hawa. Inna ta ajiye waya ta ce wa Rekiya, “Ni na jawo wannan. Maganar da ya kamata in hwaɗa mishi ido da ido, na aika.” Ranar kasuwar Moriki ta bi motar 'yan hatsi, a kan hanyar da kowa ya san sai da addu'a ake bin ta. 'Ya'yanta sun yi magiya kada ta je har sun gaji.

Ta same shi kwance a tabarma, idanu sun faɗa.

“Ɗana, wa ya ce ka bar magani?”

“Inna, shekara huɗu yarinyar ga tana shan magana saboda abin da ni nake haɗiya da hannuna. Da wane ido zan ƙara kai shi baki?”

Inna ta ji maganar har cikin ƙirjinta, amma ba ta bari ya gani ba. “Ka ji min shirme. In ka kashe kanka, da wa za ta haihu? Musanya za a yi maka, ba bari ba. Tashi ka sa riga.”

Ita ta raka su Gusau washegari. Likita ya ba shi maganin da ya kwantar da hanjin, ya sauya masa ƙwaya, ya ce kuma sai an gwada maniyyinsa. Da Halilu ya ji yadda ake gwajin, sai ya fara neman takalmansa. Inna ta tare ƙofa, ta ce matarsa ta kwanta a gaban baƙi sau nawa ana bincikenta ba ta gudu ba. Ya sunkuyar da kai ya karɓi 'yar kwalbar.

A mota ta juyo ga Nusaiba ta ce, “Ɗiyata, haihuwa ba ta cikin jakata, ta Allah ce. Mai yiwuwa ta zo, mai yiwuwa ta jinkirta. Amma kada ki bar ɗakinki kan laihin da ba ki yi ba.” Kaka ta zo ta wuce, Nusaiba ba ta tafi ba. Wata goma sha ɗaya bayan tafiyar Gusau ta zo awon ciki.

Ke ce wannan, Inna Tasalla. Ke ce ungozomar da ba ta yarda a yanke wa mace hukunci kafin a ji ta bakin jikin mijinta ba. Ke ce kika yi kuskure kika amsa shi da sunansa, kika hau mota kika je gyara shi, alhali da kin yi zamanki babu mai tuhumarki. Uwar masu jiran rabo, ba a ba ki lambar yabo ba, amma akwai gidaje daga Dauran zuwa Shinkafi da ake ambaton sunanki bayan sallah.

A 'yar walimar ajiye aiki da aka yi wa Inna, an shimfiɗa tabarmi, maza gefe, mata gefe. Ba a sa Halilu cikin masu magana ba. Ya miƙe kawai da jaririya a kafaɗa.

“Jama'a, ku shaida,” in ji shi. “Rashin haihuwar gidana daga gare ni ne, daga maganin ciwona. Matata lahiyarta lau tun hwarko. Na bari ta ɗauki kayan da ba nata ba shekara huɗu. Ina roƙonta gahwara gabanku.”

Wani dattijo ya gyara hula, samari suka sunkuyar da kai. Inna kuwa ta cire tabaranta tana ta goge shi da gefen mayafi.

Mun gode, Inna. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku da kuka gaje ta a ɗakin awo, in mace ta zo ita kaɗai, ku tambayi mijin. Ku kuma samari masu fama da ciwon hanji, ku koma wurin likita ku gaya masa kun yi aure, kada ku bar magani da kanku, kada kuma ku bar matanku su kaɗai a gaban dangi. Da Inna ba ta yi tambaya ɗaya ba, da tuni an rubuta takardar saki. Yau Nusaiba tana ɗakinta a Moriki, tana goyo.