Sharar Gonar Baba Nomau

Daga Katsina zuwa Maraɗi

Ana idar da sallar asuba na rataya jakata, Hindatu matata ta rako ni bakin kangon da muke zaune. Ba gidanmu ba ne. Wani bawan Allah ne ya ba mu aron ginin da bai ƙarasa ba a bayan garin Katsina, tun da 'yan bindiga suka raba mu da ƙauyenmu na yammacin Ƙanƙara. Yanzu kuma ya aiko cewa kafin ruwa ya sauka zai buga rufi ya zuba 'yan haya. Mu ne dai ni da Hindatu da yara biyu da Inna mahaifiyata. Abin da ya fitar da ni ke nan: in samo aiki, in samo inda za mu sa haƙarƙarinmu kafin damina.

Nijar na nufa, saboda Kawu Laminu, ɗan'uwan Inna na nesa, wanda ya daɗe yana sayar da shayi a Tasawa. A jakar akwai takardar sakandare da riga guda da Hindatu ta goge da dutsen gawayi. Na taɓa riƙe shagon taki a Ƙanƙara, ina rubutu ina lissafi, don haka a raina aikin tebur nake hange.

Rana ba ta yi zafi ba muka wuce Jibiya. A Ɗan Isa aka sauke mu duka, wani jandarma ya karɓi katin shaidata, ya yi wata doguwar magana da Faransanci. Na tsaya ina kallon bakinsa. Ya yi murmushi ya juya harshe: "Ina zuwa, ɗan Najeriya?" Na gaya masa, ya miƙo mini katin. Da muka koma mota direba ya dube ni ta madubi.

"Mi za ka yi Tasawa?"

"Neman aiki."

"Kana jin Faransanci?"

"Ko sannu ban sani ba."

"To, Allah shi ba da sa'a," ya ce, ya ƙara wa rediyonsa murya.

A tashar Maraɗi na ci dambun zogale da wani burodi dogo mai tauri, na yi azahar, na shiga motar Tasawa.

Tasawa

Bayan la'asar muka isa. Teburin Kawu yana dab da tasha, kuma tun daga nesa ya gane ni, wai tafiyar Inna gare ni. Ya haɗa mini shayi mai kauri, ya ba ni tabarma a shagon da yake ajiye kayansa.

Kashegari na sa rigar nan na fara zagaye. Na je gidan mai, wanda su suke kira gidan isansi. Na je wani kantin magani. Na je wani ofis kusa da kasuwa da aka ce suna neman mai kula da sito. Ko'ina Hausa ake yi, Hausa irin ta kakannina, har da tambayar mutanen gida da yaya muka ji da tashin hankali. Sai an zo kan aiki, a turo mini takarda, in ga baƙaƙen da na sani sarai amma ban gane ko kalma ɗaya ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda ya wulaƙanta ni. Da an kore ni da tsawa da na sami wanda zan ji haushinsa. Kowa sai ya rako ni bakin ƙofa yana ba ni haƙuri.

Mayahi

Wani mai shan shayi ya ce a Mayahi akwai wata ƙungiya mai raba iri, suna neman mai riƙe musu ma'aji. Na hau bayan wata a-kori-kura tare da buhunan gero da awaki biyu. Hanyar jar ƙasa ce, ga zafin bazara, rigar da Hindatu ta goge ta tashi daga fara ta koma ja.

A hanya na yi ta kallon gonaki. Rairayi ne fari, amma kowace gona cike da 'yan ƙananan itatuwa, nan sabara, can kalgo, can tsiron gawo. A wajenmu manomin kirki kafin ruwan fari gonarsa tas take, manyan itatuwa kawai yake bari. Na ce wa dattijon da ke kusa da ni, "Mutanen nan ba su fara shara ba har yanzu?" Ya dube ni, ya yi 'yar dariya, ya ci gaba da jan carbinsa.

Matar da na tarar a ofishin ta saurare ni har na gama. Ta ce ta ga alamar zan iya aikin, amma duk abin da ya shiga ma'aji da abin da ya fita da Faransanci ake aika shi Yamai. Ta sa aka kawo mini ruwan sanyi. Na kwana a masallacin tasha, da safe na koma Tasawa jikina a sanyaye. Ranar ce na fara tunanin abin da zan gaya wa Inna idan na koma hannu rabbana.

Wani ƙauye a ƙasar Kona

Kawu ne ya ce in ajiye takardar sakandare tukuna. Akwai wani tsoho, Baba Nomau, da ke shan shayi wurinsa duk ranar kasuwa. 'Ya'yansa maza sun tafi Libiya, gona ta fi ƙarfinsa, yana neman mai share masa ita. Kawu ya tsaya mini, ya ce ɗansa ne ni, duk abin da na ɓata a wuyansa.

A amalanken shanu muka tafi ni da tsohon, daga Tasawa har ƙauyensu. Ya nuna mini gonar, ya ba ni gatari da manjagara.

"Ka san aikin gona ko?"

"Baba, a cikinsa aka haife ni."

"To madalla. Ni zan tahi Korgom gaisuwar mutuwa, sai jibi. Ka share ta."

Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Me zan tambaya? Wannan ne aiki na farko da ba a turo mini takarda ba a ƙasar, kuma da harshena aka ba ni shi. Na ce yau mutanen Nijar za su ga yadda ake shara.

Na lura kowane kututture an bar masa rassa biyu ko uku a tsaye, an sassabe na gefe. Sai na ɗauka wani malalaci ne ya fara aikin ya gaji. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina sarewa daga tushe, wasu kaurinsu ya kai damtsena. Manyan gawo kawai na bari. Wata mata ta zo wucewa da tulu a ka, ta tsaya, ta rufe baki da hannu, ta wuce da sauri. Har ga Allah na zaci aikina ne ya burge ta. Kafin Baba ya dawo na gama gefen gabas duka, na tara itacen wuri guda ina jiran ya zo mu cinna wuta.

Da ya dawo ko gida bai shiga ba, labari ya riga ya tare shi a hanya. Ya shigo gonar yana takawa a hankali. Bai dube ni ba. Ya tsuguna gaban wani kututturen gawo, ya shafa wurin saran da tafin hannunsa, ya daɗe a haka.

"Wanga," ya ce, "tun yana kamar tsinke nike renonshi."

Sannan ya gaya mini, ba da faɗa ba. Ya ce yana saurayi su ma haka suke shara, tas, a ƙone. Har gonakin suka zama fili, iska ta riƙa binne shuka da rairayi, mutum ya shuka sau biyu sau uku bai ga tsiro ba. Marigayiya matarsa takan wuni a daji neman abin hura wuta. Daga baya suka koyi barin tsiron da ke fitowa daga tsofaffin saiwoyi, a zaɓi masu ƙarfi a rage sauran. Su ke tare iska, ganyensu taki ne, 'ya'yan gawo abincin awaki. Shara a wurinsu ita ce a rage rassa a kwashe kara. Ya ce a garin nan wanda ya sari iccen wani, gaban maigari ake kai shi.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Ba tarar maigari ta fi damuna ba. Kawu na tuna, da ya sa wuyansa, da kangon Katsina da za a rufe ba da mu ba. Na yi ta tsoron Faransanci tun daga Ɗan Isa, ga shi abin da ya kayar da ni da Hausa aka faɗa mini shi. Baba ya miƙe ya tafi gida bai ce in biyo shi ba, bai kuma ce in tafi ba.

Da safe na ɗaure jakata na je yi masa sallama. Na tarar yana wasa wata 'yar wuƙa. Ya ce mu je gona. Ya tona gindin kututture ɗaya da yatsa, ya nuna mini saiwar, ɗanya shar.

"Ba su mutu ba. In ruwa ya sauka za su tohu. Amma sai da mai tsaro, kar awaki su cinye, kuma a san wanda za a bari da wanda za a cire. Ni gwiwa ta ƙiya, ido ya rage." Ya miƙo mini wuƙar. "Wanda ya sare shi za ya rena. Ba ka barin garin ga sai gawon nan ya wuce kanka."

"Baba, ina da iyali a Katsina. Mata da yara, da tsohuwa."

"Ni na ce ka bar su can? Ga ɗakunan ɗiyana nan, ɓeraye ke kwana ciki. Gehen ga da ka ɓata, kai za ka noma shi, abin da Allah ya ba da mu raba."

Na buɗe baki in yi godiya, kuka ya riga maganar fitowa. Ya ce in tashi, mutane na kallo.

Komawa gida

Na biya Tasawa na gaya wa Kawu komai. Ya yi salati, sannan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce duk wanda ya zo shan shayi sai ya ji labarin manomin Ƙanƙara. Ya saka ni motar Maraɗi da sassafe, magariba ta yi mini a Katsina. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, Kawu Laminu kuma Allah ya saka masa da alheri.

Hindatu ta yi murna, tun ban gama ba ta fara tambayar ko akwai rijiya kusa, da kuma makarantar yara. Inna kuwa tana gefe tana saurare. Da na zo kan sharaɗin Baba Nomau sai ta ɗaga kai.

"Gawo ya ce?"

"Gawo, Inna."

"Daga kututture har ya wuce kanka." Ta jinjina kai. "Gawo ba ya sauri, Lawal."

Duk zamanmu a kangon nan kullum maganarta ɗaya ce, in an sami lafiya a mayar da ita ƙauye, kusa da inda aka binne mahaifina. Ta tashi ta jawo akwatinta, ta zura hannu can ƙasa, ta fito da wani farin yadi a naɗe cikin leda. Na san likkafani ne, ban dai taɓa sanin ta tanade shi ba.

"Ka sa wannan a ƙasan kaya, kar ya yi datti," ta ce. "In mun isa kuma, ka fara kai ni wurin mutumin nan, in yi masa godiya da bakina."