Maniru da Tururin Na'a-na'a

Maniru mutumin Shagari ne. Shekara goma sha biyu ya yi yana wanke kwalabe da ɗaure miki a wani ƙaramin ɗakin shan magani, a zamanin Turawa.

Da yaƙin duniya na biyu ya tsananta, magani ya daina zuwa daga Sakkwato. Cikin abin da ya ƙare har da ruwan na'a-na'a, wanda shi kaɗai ke kwantar wa mahaifiyarsa, Inna Rabi, kumburin ciki har ta iya cin abinci. Kwana shida ta yi, ko kunu ba ya zama mata.

Maniru ya hau jaki ya nufi fadamar Danchadi, inda wani mai lambu ke da ganyen. Ya kawo, ya shanya a rana kamar kuka. Ƙamshin ya gudu. Ya koma ya tsinko ɗanye, ya tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya. Gida ya gauraye da ƙamshi, ruwan kuwa ya fito lami. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya zaga murhu, ya kasa zama. Can ya gane cewa maganin wani mai ne a jikin ganyen, kuma tururi yake bi ya tsere.

Sai ya liƙe bakin tukunyar da yumɓu, ya soka mata ƙwaƙulalliyar gora, ya naɗe gorar da jiƙaƙƙen tsumma don tururin ya huce ya koma ruwa, ya tara kwalba a ƙarshenta.

Ɗigon farko bai daɗe da sauka ba sai ga dogari Bawa da kulki, domin an kai ƙara wai ana dafa giya.

"Maniru, kai da ka sauke Alƙur'ani? Kauce in fasa ta!"

"Baba Bawa, shinshina tukuna. In giya ce, ni za ka fara fasawa."

Bawa ya kai hanci bakin kwalbar, hawaye ya zubo masa. Daga ɗaki Inna Rabi ta ce, "Bawa, in ka ƙare kukan, miƙo mani abina."

Aka ɗiga mata a ruwan ɗumi. Ta yi gyatsa mai ƙarfi, da la'asar ta nemi tuwo, ta kuma yi faɗan miya ba gishiri.

Bawa dai ya tafi da gorar don ya nuna wa hakimi. Washegari Maniru ya saro wata, kuma bai bar wannan aiki ba sai da idonsa ya raunana.