Rantsuwar Da Ta Hana Ni Buɗe Rumbun Iri

A shekarun da fari ya addabi ƙasarmu, ni magidanci ne a wani ƙauye kusa da Guci. Ina da gona da 'yan shanu, ina kuma da taurin kai wanda a lokacin nake kira riƙon amana. Ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, karatun allona ma bai yi nisa ba, amma kowa ya san in na ce e, to e ɗin ce, kuma ina jin daɗi in ji ana faɗin haka. Shi ya sa da muka kafa ƙungiyar taimakon juna ta garinmu, aka ɗora ni a kan rumbun iri ba tare da gardama ba. Na sa a rubuta muku wannan ne don abin ya daɗe yana cina.

Bayan wata kaka da ba ta yi albarka ba, muka zauna shirin baɗi. Gyaɗar da muke taƙama da ita ta daina yi, shanu suna faɗuwa, kuma a bara gidaje da yawa sun cinye irinsu, ruwa ya sauka ba su da abin shukawa. Sai muka yanke cewa kowane gida ya kawo zangarniyar geronsa mafi kyau, a zuba a rumbun ƙasa ɗaya, a liƙe bakinsa da laka. Da yake mun san halin yunwa, wani dattijo ya ce a yi rantsuwa. Ni na fara goyon baya, har na yi ƙarin gishiri, na ce kada a buɗe sai ruwan shuka ya sauka, in ba duk waɗanda suka rantse ne suka taru suka yarda ba. Muka yi alwala, muka dafa Alƙur'ani ɗaya bayan ɗaya. Na koma gida ina ganin na yi dabara.

Abin da ba mu yi tunani ba shi ne cirani. Kafin zafi ya shigo sosai, yawancin waɗanda suka dafa Littafin sun tsallaka iyaka neman abinci, har da limaminmu, dattijon nan kuma ya rasu. Tara su ya zama abin da ba zai yiwu ba. Ana cikin haka sojoji suka karɓi mulki, rediyo ta ce za a raba hatsi. Muka ji labarin kamiyo, manyan motocin hatsi, sun iso Magariya, muka zuba wa hanya ido, shiru. Mata suka koma jiƙa anza da haƙar gidan tururuwa, ga rumbu cike da gero a tsakiyar gari, kuma kowa ya san ni ke tsare da shi. Zaman ƙofar masallaci ya gagare ni. Wasu suna roƙo, wasu suna habaici, wasu kuma suna ja mini kunne cewa in na taɓa irin nan na kashe garin baki ɗaya. Duk inda na juya akwai mai gaskiya.

Ni kuwa tsoro ne fal cikina. Mun taso muna jin cewa duk wanda ya karya rantsuwar Alƙur'ani, Alƙur'anin zai ci shi, ko ya kuturce, ko ya haukace, ko 'ya'yansa su ƙare. Ban tambayi kowa ba. Akwai malamai a Dungas, amma kunya ta hana ni zuwa, kada a ce mai riƙon amana yana neman hanyar zillewa.

Sai ƙanwata ta zo, wadda muke ciki ɗaya. Mijinta yana cikin waɗanda suka tafi, ba saƙo ba labari. Ta durƙusa da goyonta, ta kira ni Yaya, ta ce ba ta roƙon hatsin kowa, wanda gidanta ya zuba kawai take so, don nononta ya ƙafe. Na ba ta 'yar dusar da ta rage mini, na ce ta yi haƙuri ruwa ya kusa, na kuma tuna mata cewa na dafa Littafi. Ba ta yi kuka ba. Ta ce to Allah ya bar ni da rumbuna. Washegari ta ɗauki yaranta ta bi masu tafiya kudu, a ƙafa.

Da ruwa ya sauka na fasa lakar da hannuna. Irin bai lalace ba, garin ya yi shuka, mutane suna ta sa mini albarka. Aka kira gidan ƙanwata, babu mai karɓa. Bayan haka mazan cirani suka fara dawowa, limaminmu ya zo da labarin cewa jaririyar ba ta kai ƙarshen tafiyar ba, a bakin hanya aka binne ta. Na ce masa rantsuwa ce ta ɗaure ni. Ya dube ni ya ce ai wanda ya rantse ya ga abin da ya fi alheri, sai ya aikata alherin ya yi kaffara, ya ciyar da mabuƙata, in ba shi da hali ya yi azumin kwana uku. Mu da muke wuni ba ci, azumin kwana uku ne ya raba ni da ƙanwata. Ta rayu a can har ta tsufa, na je wurinta ba sau ɗaya ba, tana gaishe ni da ladabi, amma ba ta sake taka garinmu ba.

Har yau ban ce tanadin iri kuskure ba ne, don shi ya tayar da garin. Kuskurenmu shi ne mun tsara baɗi kamar mun san yadda za ta zo, muka ɗaure kanmu ba mu bar ƙofar fita ba, muka jibga nauyin a wuyan mutum ɗaya. Ku masu riƙe da ƙungiyoyi, in za ku kafa doka, ku faɗi wanda zai iya sassauta ta ranar da abubuwa suka juya. In kuma kun rasa mafita, ku je ku tambayi masu sani tun mai roƙon yana gabanku. Ni sai da aka yi kabari na tambaya.