Yadda Baba Audu Ya Ƙwace Mini Jama'a

Ku da kuka san Baba Audu a Yelwa kun san ba ya fita sai da tabarmarsa naɗe a bayan keke. Ko ɗaurin aure za shi, tana nan. Wai bai san inda zai tarar da masu faɗa ba. To bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba yana raye: duk zaman da muka yi tare, ƙyashinsa nake ji.

Shi ne jami'in ofishin sulhu, ni kuma ina riƙe da ɗan ofishin kare haƙƙin mata da naƙasassu. Da gwamnati ta tashi rage kashe kuɗi, sai aka soke wasu hukumomi, aka haɗe wasu. Mu biyu aka cusa mu a ɗaki ɗaya mai tebur ɗaya da kujera ɗaya. Ni aka ba shugabanci, saboda ni ke da difloma.

Ranar farko ya jawo kujerar ya kakkaɓe ta da hularsa.

"Bisimilla, ranka shi daɗe," in ji shi. "Kai ad da takarda, kai ad da kujera."

Na zauna, kaina ya kumbura. Ashe na faɗa tarko. Ya shimfiɗa tabarma daidai bakin ƙofa, duk mai shigowa sai ya durƙusa ya gaishe shi, daga nan kuma magana ta ƙare a can. Wata guda cur, mutum ɗaya ya iso teburina, wata tsohuwa ce daga Gungu, ta ce, "Ɗana, sa mini ido ga takalmana in gama da Baba."

Salon shari'arsa ma abin haushi ne. Ba ya rubuta komai. Wata rana masunta biyu suka zo daga Warra, ɗaya jirginsa mai inji ya yaga tarun ɗayan, sun zo kowa idonsa jawur. Baba Audu ya ce, "Kai mai taru, hwaɗa mini uzurin mai jirgi. Kai ko mai jirgi, kai za ka yi kukan taru." Mai jirgi ya shiga bayanin wahalar saƙa taru. Mai taru ya ce ai ranar ruwa ya cika, ko shi ne da bai ga alama ba. Suka koma gardamar wa ya fi laifi, kowa yana cewa shi ne. Jirgi ɗaya suka shiga suka koma gida.

Na ce a raina wannan ai ba wani abu ba ne. Da Baba ya fita salla, manoman shinkafa biyu suka zo daga Shanga kan iyakar fadama, na yi wuf na gwada. Na farkon ya ce, "Ni in hwaɗi hujjar wanga ɓarawo?" Suka kaure da dambe, garin rabo ni na sha naushi a kunne. Baba ya dawo ya tarar ina dafe da kunci, ya ce, "Ba ka ba su ruwa sun sha ba tukuna, ranka shi daɗe. Mai ƙishi ba shi jin kowa."

Da aka sake wani ragin, takardar ritayarsa ta zo. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Aka ce ya mayar da kayan gwamnati, ya laluba aljihu ya miƙo mini biro ɗaya da murfinsa. "Tun da anka ɗauke ni aiki anka ba ni. Duba, ban taɓa musu ko ɗigo ba."

Ya koma gindin tsamiya a kwata, inda jirage ke sauke kifi. Jama'a suka bi shi kaf. Ni da kujerata muka zauna muna kallon juna. Nakan wuce a babur in ga mata da guragu zagaye da shi, in kau da kai kamar ban gani ba.

Sai labari ya zo cewa kwamiti na zagayawa, duk ofishin da ba a zuwa za a rufe shi. Ina da iyali, ba ni da gona, ba ni da jirgi. Amma girman kai ya hana ni zuwa gindin tsamiya.

Ranar da kwamitin ya iso, na tarar da layi tun daga ƙofa har titi. Masunta, matan da aka hana gado, wani makaho daga Ngaski. Baba Audu na tsaye da sanda yana tura su. "Ku shiga wurin oga, yau ba ni aiki." Suna shigowa su faɗa mini matsalarsu, in na yanke magana sai su leƙa taga su ga ko ya gyaɗa kai. 'Yan kwamiti ba su lura ba, suka yaba mini, aka bar ofishin.

Na fito ina kame-kamen godiya. Ya katse ni.

"Ba don kai ni yi ba, kada kanka shi ƙara girma. Ni tsoho na. In sunka ruhe wanga ɗaki, ran da ni mutu ina matar da anka kora za ta kai kukanta? Gwara kai da babu."

Damina biyu bayan nan ya rasu. Yanzu wurina suke zuwa, ba su da kowa. Sai dai kusan kowa da "da Baba na nan" yake buɗe baki, kuma har yau yana sosa mini rai, ina kishi da wanda ke kabari. Wani lokaci ni ma in na yanke magana sai in kama kaina ina duban tagar.

Allah Ya jiƙan Baba Audu, Ya sa ya huta. Ya yafe mini abin da na riƙe a kansa, wanda na tabbata ya sani, bai kuma taɓa nuna mini ba.