Ruwan da Na Hana Ƙarfe

A zamanin Faransa, shekarar da Nasaran da ke sayen gyaɗa a Magariya ya ce a ƙara masa ɗaki, ni aka ba ginin. Ina da ƙarfi a lokacin, amma bakina ya fi hannuna aiki.

Gidan na da injin wuta. Makanisiyen da ke kula da shi, wani Badamagare mai sanyin magana, ya ja waya daga injin zuwa wurin aikinmu saboda zarton wuta na yanka katakon rufi. Sai ya kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa, ya ɗaura mata wata waya daga jikin zarton, ya ce mini, "Malam magini, ruwa tulu biyu kullum a gindinta. In wuta ta ɓalle, nan za ta bi ta shige ƙasa. Busasshiyar ƙasa ba ta karɓa."

Na ce to. Yana ba da baya na ce wa masu kwaɓi, "Mun saba da shukar gero, yau ga shukar ƙarfe. Allah ya kai mu girbi." Aka kwashe da dariya, kaina ya kumbura.

Rani ne, rijiya da nisa, ƙasar gini kuwa ba ta ƙoshi da ruwa. Tulunan ruwan sandar suka koma na kwaɓi. Da wayar sandar ta dinga harɗe ƙafafun jakunan da ke kawo tubali, na kwance ta na jefar gefe.

Mai aiki da zarton wani dattijon kafinta ne daga Dungas. Baba nake ce masa, ƙwarya ɗaya muke shan fura. Wata Laraba da hantsi ya kama zarton, wuta ta riƙe shi. Ya kasa saki, ya kasa ihu, sai da aka kashe injin. Tafin hannunsa na dama ya ƙone, yatsun suka ƙandare. Ni na ƙi jin bari, shi ya ji hoho.

Ga abin da ke ba ni kunya har yau. Kafin in ɗauke shi, sai da na ruga na mayar da wayar, na juye tulu a gindin sandar. Sannan na goya shi zuwa wurin likita. Makanisiyen ya zo ya tsaya kan jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya dube ni. Aka ce ƙaddara ce.

Baba bai sake riƙe guduma ba. Bayan shekaru na ci karo da shi a kasuwar Dungas yana sayar da goro. Ya miƙo mini wuyan hannu muka gaisa, ya juya ga maƙwabtan rumfarsa ya ce, "Ga ɗan kirkin da nake ba ku labari. Shi ya goya ni a bayansa." Ya zaɓo goro mafi girma ya ba ni.

Na karɓa da hannu biyu, na ce, "Ba komai, Baba."